Farantin da Ba a Shuka Ba

Ras Rumman, Lebanon
23 ga Oktoba, 1994

Ƙanena Mitri,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da 'yarka Karolin. Ni dai na gode Allah, in ban da gwiwar hagu da ke riga mutanen rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Surukin Abu Ramzi maƙwabcinmu ne zai kawo maka ita, jibi zai tashi zuwa Sidni. Wayar gidan ta mutu tun ruwan farko, kada ka wahalar da yatsanka.

Baƙi sun watse. Na ƙarshensu, wani malamin makaranta da matarsa, sun tafi ranar Litinin, suka bar mini takalmin wanka wari ɗaya a ƙarƙashin gado. Na wanke zannuwan ɗakuna shidan, na ninke, na rufe tagogin sama. Abu Ramzi ya kwashe kujerunsa daga bakin teku, masu ba da hayar laima sun koma ƙauyukansu tsinkar zaitun. Ka san garinmu a irin wannan lokaci, daga ƙofar masaukinmu har tashar masunta kuliyoyi sun fi mutane yawa. Da can ban damu ba, don ina gama rufe sama sai in sauko in tarar da Mama a kicin tana mitar na ɓarnatar da sabulu. Bana na sauko na tarar da kicin kawai. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, har yanzu kofi biyu nake saukowa da su da safe, sai in mayar da ɗaya.

Amma an ce bana ba za a bar garin ya yi barci ba. 'Yan kasuwa sun kafa kwamiti, suka ɗora Madam Afifa mai kantin magani a kai, wadda ka sani da jan baki ko a wurin jana'iza. Wai za a yi bikin sabon man zaitun a tsakiyar Nuwamba, da gasar gasa kifi, sannan a kafa bishiyar Kirsimeti a tashar masunta, karo na farko tun kafin yaƙi. Kuma tun ƙarshen Nuwamba za a kunna ta, don mutanen Bairut su zo su kwana. Na ce mata, "Madam, a lokacin ai ko Maryamu ba ta fara haɗa kayan haihuwa ba." Ta ce, "Nazha, ke dai buɗe ɗakunanki, ki bar mini ƙirga watanni."

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ka zo bana, kuma ka iso kafin ranar idin waliyyiya Barbara, huɗu ga Disamba. Ba Kirsimeti na ce ba, ba Ista na ce ba. Ko kwana biyar ne ya isa. Shekara goma sha takwas kana can ban taɓa ce maka ka zo ba, ko lokacin addu'ar arba'in ɗin Mama ban ce ba. Yanzu na ce.

Yayarka,
Nazha

*

Sidni, Ostireliya
5 ga Nuwamba, 1994

Yaya Nazha,

Takardarki ta shigo hannuna, na karanta ta a tsaye tsakanin akwatunan mangwaro, na sake karantawa da na koma gida. Lafiyata lau. Karolin ma lafiya take, tana wani gari wajen aikinta. Takan kira ni ranar Lahadi minti biyar, ta tambaye ni ko ina shan maganin hawan jini, in ce e, ta ce madalla. Ki riƙa shafa wa gwiwar man zaitun mai ɗumi, tunda har biki za ku yi masa.

Na yi dariyar Madam Afifa har wani mai sayen tumatir ya juyo ya kalle ni. Ashe tana nan da ranta da jan bakinta. Ki gaishe ta, ki ce mata yaron da ya fasa mata kwalbar alewa ya yi furfura.

Yaya, batun zuwa. Kin san Disamba a nan tsakiyar zafi ne, kuma lokacin ne kantin kayan marmari ba ya ƙiftawa. Abokin aikina an yi masa aiki a baya, ba ya ɗaga ko kwandon lemo, komai a wuyana yake. In na rufe kanti a wannan watan sai kayan su ruɓe a hannun manoman da suka saba da ni. Ki yi mini haƙuri zuwa Ista, na yi miki alkawari. Kuma gaskiya me ke cikin Barbara da ya fi Ista? Yara su shafa baƙin tukunya a fuska su bi gida gida, a dafa alkama da sukari, shi ke nan an gama. Ni da ke mun wuce shekarun shafa baƙin tukunya.

Abu ɗaya ne nake so daga Barbara, kuma ba sai na hau jirgi ba. Kowace shekara a jajibirin ranar Mama takan shimfiɗa auduga a farantina, mai shuɗin bakin nan da na gutsure da cokali ina yaro, ta shuka alkama a kai, ta ajiye a taga kusa da naki mai furen rawaya. Kafin Kirsimeti sai takarda ta iso, bakin Mama da rubutun hannunki: "Farantinka ya yi kore, na san kana lafiya." Ina da guda goma sha biyar a akwatin takalmi, uku yaƙi ya cinye a hanya. Ba zan ɓoye miki ba, a duk shekara wannan layin ne kaɗai ke sa in ji har yanzu ana ƙirgawa da ni a wani gida.

Ki shuka mini yadda take yi, ki rubuto mini layin, Barbarata ta cika. In da mai ɗaukar hoto a kusa, ki aiko mini da tagar in gani.

Ƙanenki mai kewarki,
Mitri

*

Ras Rumman
27 ga Nuwamba, 1994

Mitri,

Ina gaisuwa. Takardarka ta zo, na karanta. Allah ya ba abokin aikinka lafiya, ya sa mangwaro ya yi kasuwa. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Tunda labarin gari ke ba ka dariya, ga shi. Ranar bikin man zaitun sama ta ɓalle da ruwa tun safe, aka kwashe tebura aka cusa a ƙarƙashin rumfar masunta. Duk da haka bas uku suka zo daga Bairut. Mutane na tsoma burodi a sabon mai suna tari, don ka san yadda yake kama maƙogwaro, suna cewa wannan shi ne na gaske. A gasar kifi Abu Ramzi ya zo na biyu, har yau yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa alƙalin ɗan kawun wanda ya ci ne. Ɗakuna uku suka cika mini na kwana biyu. Akwai iyali masu yara huɗu da suka yi ta tsere a matakala, na yi musu tsawa sau biyu, da suka tafi kuma na tsinci kaina a ƙasan matakalar ina sauraro. Gidan ya fi shiru bayan tafiyarsu fiye da kafin su zo.

Sai Madam Afifa ta zo da sabon salo. Wai duk tsohon gida da ke kallon teku ya jera alkama mai tsiro a taga ranar da za a kunna bishiya. Na ce, "Madam, alkama ba a shuka ta sai jajibirin Barbara, ke ma uwa ce ta haife ki."

Ta ce, "Nazha, baƙi ba kalanda suka zo dubawa ba, kore suke so su gani."

Na ce, "To su je gona."

Ta ce, "Duk layin sun yarda, sai tagarki ce za ta zauna kamar bakin tsohuwa?"

Na shuka mata faranti shida ranar sha biyu ga wata, don ta bar mini ƙofa.

Jiya da faɗuwar rana aka kunna bishiyar. Ta fi hasumiyar coci gajarta kaɗan, masunta suka rataya mata ƙwallayen da ke hana ragar kamun kifi nutsewa a maimakon ado. Madam ta ƙirga a lasifika, ɗaya, biyu, uku, janareta ya mutu. Ta sake ƙirgawa ya sake mutuwa. A na uku Abu Ramzi ya ce, "Madam, ki bar shi ya ƙirga da kansa." Da ta kama kuwa aka yi ta tafi, har wasu tsofaffi suka yi hawaye. Na tsaya can gefen jiragen masunta da aka kife, da mayafin Mama a kafaɗata. Kowa riƙe yake da hannun wani ko ya ɗora yaro a wuya. Ni hannuna biyu a aljihu suke, kuma na ji kaɗaici irin wanda ban ji ba ko a ranar jana'iza, don ranar an cika mini gida. Ban jira waƙoƙin ba na dawo.

Ka ce kana son taga. Kwamiti ya kawo mai hoton nan take, ga ta nan a cikin ambulan. Matar Ilyas mai burodi ce za ta kawo maka.

Nazha

*

Sidni
3 ga Disamba, 1994

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiki lafiya. Jiya matar Ilyas ta kawo mini takardarki da hoton.

Na tsaya da shi ƙarƙashin fitilar kanti ban gamsu ba, na je na ari gilashin mai gyaran agogo da ke kusa da mu. Faranti shida, farare fat, duk iri ɗaya. Na duba na sake dubawa ko shuɗin bakin ya ɓuya a bayan labule. Babu shi. Abu ɗaya tak na roƙe ki. Kin cika taga da kore, kin cika mini shafi biyu da kifi da janareta, ba ki ce uffan a kan farantina ba. Ko "ƙanena" ba ki rubuta a saman takardar ba. Ni ba yaro ba ne, na gane.

Na san kina riƙe da ni don ban zo arba'in ɗin Mama ba. Jana'izar dai labarinta bai same ni ba sai da aka kwana biyu da binne ta, wannan kin sani. Amma arba'in ɗin ƙarya na yi miki da na ce ban sami kujera a jirgi ba. Na samu. Na haɗa jaka, na kai filin jirgi, na zauna da tikiti a hannu. Aka kira sunana sau biyu. Sai na hango kaina ina shiga kicin ɗin nan Mama ba ta ciki. Na zauna har jirgin ya tafi, na ɗauki jakata na dawo na buɗe kanti. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Karolin. Tsoro ne, ba rashin so ba, kuma na san bai wanke ni ba.

Amma Yaya, hukuncin ya yi nauyi. Ba gida nake nema ba, ba ɗaki ba. A duk ƙasar nan da aka haife ni abin da ya rage mini shi ne ɗan wurin da faranti ke zama a bakin taga. Mama ta riƙe mini shi shekara goma sha takwas, har shekarun da kuke kwana a ƙarƙashin matakala saboda harbi. Ke ba ki iya riƙe mini shi shekara ɗaya ba.

Yau jajibirin Barbara ne. Na rufe kanti da wuri ban san dalili ba, na zo na zauna da fanka tana kaɗa mini iska mai zafi. In kin yanke cewa gidan ya zama naki da baƙinki, ki faɗa mini a fili, kada ki aiko mini da shi a hoto.

Mitri

*

Ras Rumman
11 ga Disamba, 1994

Ƙanena, tunda ka ƙirga har wannan,

Gaisuwa, don haka aka koya mana mu fara. Gwiwa tana nan. Kai kuma da alama hawan jinin ya haura maka ka.

Farantan nan shida na baƙi ne, waɗanda nake ɗora musu kofin shayi. Kana tsammanin zan sauko da farantin ɗan Mama in shuka masa alkamar ƙarya mako uku kafin lokaci, don mutanen Bairut su tsaya a gabansa su yi murmushi? Tuni suka yi rawaya suka kwanta, na zuba wa kajin Umm Ramzi, matar Abu Ramzi. Ban bayyana maka ba don ina fushi, na so ka ɗan ji. Wannan laifina ne, na ɗauka. Ban san zai kai maka har ƙashi ba.

Yanzu sai ka saurara. Ranar biyu ga wata na jiƙa alkama. Ranar uku da la'asar na hau kujera da wannan gwiwar na sauko da faranti uku daga saman kantar kicin. Na Mama na goge na mayar. Naka na shimfiɗa masa auduga, na yayyafa ruwa, na baza alkamar da ɗan yatsa yadda take yi, na ambaci sunanka. Sai saura ɗaya a kan tebur.

Ka ari gilashin mai agogo ka nemi shuɗin baki a hoton nan. Ka nemi furen rawaya? Shi ma ba ya ciki, Mitri. Ko ka lura?

Ka taɓa tambayar kanka wa ke shuka wa Mama nata? Ni ce, tun ina shekara goma sha biyu da kakarmu ta rasu. Kai duk shekara kana waje da baƙin tukunya a fuska, ka dawo ka tarar da taga ta cika, ka ɗauka haka take cika da kanta. A gidanmu mutum ba ya shuka wa kansa. Mama ta ce wanda ya shuka wa kansa ya shaida wa waliyyiya Barbara cewa ba shi da kowa a duniya. Ita ke shuka mana, ni in shuka mata. Ta tafi. To wa ka zata zai shuka mini? Shi ya sa na ce ka iso kafin huɗu ga wata. Ban iya rubuta dalilin ba, don na ga kamar bara ce, kuma na ɗauka ka sani. Ka amsa mini da mangwaro.

Umm Ramzi ta shigo ta same ni zaune da farantin a gabana. Ta ce, "Ke Nazha, miƙo nan in shuka miki, mene ne a ciki?"

Na ce, "Na gode, 'yar'uwa, amma sai wanda muka haɗa jini."

Ta ce, "Shekara talatin ina ara miki gishiri, ban zama jini ba?"

Na ce, "Kin fi wani jinin ma. Amma Mama za ta gani."

Ta kira ni mai taurin kai, ta share idonta da haɓar zane, ta fita. Da rana ta faɗi yaran unguwa suka zo da fuskokinsu na ban tsoro suna waƙa, na zuba musu dafaffiyar alkama da zabibi da 'ya'yan rumman. Na dafa tukunya guda yadda muka saba, har yau ina cin saura.

Batun filin jirgi kuwa, ka sauke shi daga wuyanka. Ni da nake cikin gidan sai da na yi mako uku ina kewaye ƙofar ɗakinta. Ban taɓa riƙe ka da wannan ba. Da ka gaya mini tun lokacin da mun ji tsoron tare.

Ga layinka, ka sa a akwatin takalmi: farantinka ya yi kore, na san kana lafiya. Ya kai tsawon gaɓa biyu na yatsa, ya fi cika ta gefen da ka gutsure. Nawa yana kusa da shi a taga, na wanke shi tas, babu komai a ciki. Shekarata hamsin da ɗaya, bana ne karo na farko.

Yayarka,
Nazha

*

Sidni
22 ga Disamba, 1994

Yayata Nazha,

Gaisuwa da ban haƙuri, ban san wanda zan sa a gaba ba. Lafiyata lau, sai kunya da ta hana ni kallon madubi kwana biyu. Takardarki ta zo ranar sha biyar. Na ɗauko hoton na sake dubawa, ba da gilashin kowa ba. Gaskiyarki, ban nemi naki ba. Ko a raina bai zo ba. Shekara arba'in da biyu ana shuka mini, ban taɓa tambayar hannun wa ke yi wa wani ba.

A ranar na bar kanti a hannun mai ciwon baya na tafi shagon Umm Toni, wata tsohuwa 'yar wajenmu da ke sayar da kayan gida. Na ce ta auna mini alkamar Barbara. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Barbara ta wuce da kwana goma sha ɗaya, ɗana. Barci ka yi?"

Na ce, "Na shekara goma sha takwas."

Ta auna ta ƙulle, har na kai ƙofa ta ce, "Tsaya. Ta ci ce ko ta shuka?"

Na ce, "Da bambanci ne?"

Ta ce, "Allah ya jiƙan uwar da ta raine ka, ta sha wahala. Wannan surfaffiya ce, ko shekara ka yi kana ba ta ruwa sai dai ta yi tsami. Kawo nan." Ta shiga ciki ta ɗebo mini mai ɓawo daga buhun da take ba tantabarunta. Ta tambaye ni wa zan shuka wa, na ce yayata. Ta ce, "Ita kaɗai ce a can?" Na ce e. Ta tura ni waje da ƙullin a hannu.

Na jiƙa ta kwana ɗaya. Na sayi auduga a kantin magani, na ɗauki farantin da nake ɗora kofina a kai, don shi kaɗai nake da shi. Na baza da ɗan yatsa, na ambaci sunanki da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Yaya, zafin da na ce ya hana ni zuwa shi ne ya yi mini rana. Kwana biyu ta fasa, kwana huɗu ta miƙe, yau kwana shida ta fi ɗan yatsana tsawo. Nakan ba ta ruwa kafin in fita, da tsakar rana in rufe kanti in dawo in duba ko ta bushe. Rabon da in sami dalilin dawowa gida da rana har na manta.

Ranar Lahadi na gaya wa Karolin duka, muka yi minti arba'in a waya. Ta ce, "To Baba, ni ina nawa?"

Ban sani ba ko Barbara na karɓar na makararru, kuma farantin na aro ne, ba mai furen rawaya ba. Amma hannun jininki ne ya shuka. Na yanko miki tsiro bakwai da almakashi, suna cikin farar takardar da ke ninke a nan. Wani direba ɗan ƙauyukan dutse zai tashi gobe, ya rantse mini zai biya ta wajenki kafin ya ga uwarsa, don ki samu kafin Kirsimeti.

Yau ni zan rubuta layin, ki gafarta mini hannun bai kai naki kyau ba. Farantinki ya yi kore, na san kina lafiya.

Ƙanenki,
Mitri

*

Ras Rumman
7 ga Janairu, 1995

Ƙanena Mitri,

Gaisuwa da barka da sabuwar shekara, kai da Karolin. Gwiwa ta ɗan saki, wataƙila ta gaji da ni ne.

Direbanka wajen uwarsa ya fara zuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Dusar ƙanƙara ta rufe musu hanya, bai sauko ba sai ranar ashirin da takwas. Don haka Kirsimeti ta same ni ba takarda. Na je coci, na ci abincin rana a gidan Umm Ramzi cikin jikokinta, na dawo da wuri. Na ɗauke farantinka daga taga na ajiye shi a bakin ɗan kogon takarda na Kirsimeti da muke kwantar da siffar jaririn Maryamu a ciki, na sa nawa a gefensa haka nan wayam. Kwana goma sha bakwai ban ji daga gare ka ba. Na ce shi ke nan, Nazha, bakinki ya kore miki ɗayan da ya rage.

Da mutumin ya zo yana ta ba da haƙuri, ko kujera ban nuna masa ba. Na buɗe farar takardar a tsaye. Sun yi laushi sun kwanta, biyu sun yi rawaya, amma da na kai hanci ƙamshin ɗanyen tsiro yana nan. Na karanta layinka na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba tun watan Maris. Sannan na jera su bakwai a kan furen rawaya. Umm Ramzi ta shigo ta ce, "Wannan wace irin shara ce a gaban jariri?" Na ce, "Taɓa ki gani." Suna nan har jiya da aka yi idin baftisma. Yanzu suna cikin littafin addu'ar Mama.

An sauke bishiya yau da safe, masunta sun karɓi ƙwallayen ragarsu. Madam Afifa ta ce baɗi tun Oktoba za a fara. Garin ya koma na kuliyoyi.

Direban zai koma gobe, na ba shi ƙunshi a naɗe da mayafin Mama. Faranti biyu ne a ciki. Mai zanen inabi na Mama ne, na Karolin ke nan daga yau, ka ba ta amsarta. Ɗayan ka san shi, mai furen rawaya ne. Faranti wurin mai shuka yake zama, ba wurin mai shi ba, kuma ba zan yarda a sake shuka mini a ƙarƙashin kofin shayi ba. A kantar yanzu naka ne kaɗai.

Ka jiƙa ranar biyu ga Disamba, ka shuka ranar uku. Kada ka cika ruwa, auduga ɗanshi take so. Ista kuma ina nan ina jira, ban yafe maka ita ba.

Ka kwance ƙunshin a kan gado, ba a tsaye ba, na san hannunka. Shekara hamsin da ɗaya farantin nan bai taɓa fita daga gidan nan ba, kamar mai shi. Ka kula da shi.

Yayarka,
Nazha